Sa Iyaka ga Akwatunan Imel na Ma'aikata a Kan Sabar Exchange

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ni ke kula da sabar Exchange 2019 a wurin aikinmu. Akwatuna 180 ne, faifan da rumbun bayanai yake kai terabait ɗaya ne, kuma ya kusa cika. Wasu akwatunansu sun haura GB 15, wasu ko GB 1 ba su kai ba. Ta yaya zan sa wa kowa iyaka, nawa ya dace in sa, kuma yaya zan yi kada a rasa wasiƙa?"

Ɗan'uwa, sa iyakar kanta aikin minti biyar ne. Inda ake jawo rigima shi ne wajen zaɓar adadin da kuma ranar da za a kunna shi. Idan yau ka buga umarni ɗaya ka ce kowa GB 2, masu GB 15 ɗin nan za su wayi gari ba aikawa ba karɓa, kuma duk wanda ya aiko musu daga waje wasiƙarsa za ta koma masa. Don haka ka fara da awo, sannan lissafi, sannan sanarwa. Umarnin shi ne na ƙarshe.

Exchange, wato manhajar sabar imel ta Microsoft, ba iyaka ɗaya gare shi ba, uku ne a jere. Ta farko sunanta IssueWarningQuota: idan akwati ya kai nan, sabar za ta aika wa mai shi gargaɗi, amma ba a hana shi komai ba. Ta biyu ProhibitSendQuota: a nan ne ake hana shi aikawa, saƙo ya maƙale masa a Outbox ko ya dawo da bayanin cewa akwatinsa ya cika, amma na waje suna ci gaba da shigowa. Ta uku ProhibitSendReceiveQuota: ba fita, ba shiga. Dole ne ta farko kada ta wuce ta biyu, ta biyu kuma kada ta wuce ta uku, in ba haka ba sabar za ta ƙi karɓar saitin. Sabon rumbu, wato ma'ajiyar bayanan da akwatunan ke zaune a cikinta, a Exchange 2013, 2016 da 2019 yana zuwa da GB 1.9, GB 2 da GB 2.3. Tunda kana da masu GB 15, akwai wanda ya taɓa cire waɗannan iyakokin, ko a kan rumbun gaba ɗaya ko a kan akwatunan ɗaiɗai, kuma kana bukatar ka san wanne ne kafin ka taɓa komai.

Iyaka ta uku ita ce nake so ka fi yi wa tunani, domin ba ma'aikacin take hukuntawa ba. Wanda aka hana aikawa yana gani nan take, ya tashi ya share ko ya zo ofishinka da ƙorafi, duk biyun alheri ne. Wanda aka hana karɓa kuwa ba ya ganin wasiƙun da aka ƙi, akwatinsa ya yi shiru kawai. Mai aikowa ne ke samun takardar dawowa mai lamba 554 5.2.2, ma'anarta akwati ya cika. Lambar da ta fara da 5 ƙi ne na dindindin: sabar mai aikowa ba za ta sake gwadawa ba, kuma wasiƙar ba ta zauna a wani wuri tana jiran a buɗe mata ƙofa ba. Idan mutum ne ya aiko, wataƙila ya gani ya buga waya. Idan kuwa na'ura ce, kamar sanarwar banki, ko takardar neman biyan kuɗi da manhajar wani kamfani ke fitarwa da kanta, ko lambar sake saita kalmar sirri, ba mai karanta takardar dawowar, wasiƙar ta tafi ke nan. Saboda haka ka bar tazara mai faɗi tsakanin ta biyu da ta uku. Megabait 300 ɗin da ke saitin asali kaɗan ne ga wanda ya tafi hutun wata guda ko aikin Hajji ana ta turo masa takardu masu nauyi. A ganina rabin gigabait shi ne mafi ƙaranci ga ƙaramin akwati, gigabait ɗaya ga babba. Wasu masu kula da sabar ma suna barin ta ukun babu iyaka kwata-kwata. Ban ba ka wannan shawarar ba tunda faifanka a matse yake, kuma akwati ɗaya da ya faɗa cikin zagayen tura saƙo, inda ƙa'idoji biyu ke ta mayar wa juna wasiƙa, yana iya cinye sauran sararin cikin dare ɗaya.

Yanzu awo. Buɗe Exchange Management Shell a kan sabar kanta ka fitar da jerin kowa:

Get-Mailbox -ResultSize Unlimited | Get-MailboxStatistics | Sort-Object TotalItemSize -Descending | Select-Object DisplayName,ItemCount,TotalItemSize,TotalDeletedItemSize | Export-Csv C:\awo.csv -NoTypeInformation

Na ce a kan sabar kanta domin idan ka haɗa daga wata kwamfuta ta PowerShell na nesa, girman yana zuwa a matsayin rubutu ba lamba ba, sai jerin ya birkice, MB 900 ya hau saman GB 15. TotalItemSize shi ne abin da iyakar ke aunawa. TotalDeletedItemSize kuma mutane da yawa suna ɗauka girman foldar Deleted Items ne, alhali ba shi ba ne: girman ɓoyayyar folda ce mai suna Recoverable Items, wadda zan dawo kanta. Bayan wannan ka duba abin da ke kan rumbunan da kuma waɗanda aka ware wa saiti na musamman:

Get-MailboxDatabase | Format-List Name,*Quota*

Get-Mailbox -ResultSize Unlimited | Format-Table Name,UseDatabaseQuotaDefaults,ProhibitSendQuota,ProhibitSendReceiveQuota

Akwai tarko a wannan jerin. Za ka ga akwati an rubuta masa Unlimited, ka zaci ba shi da iyaka. Ka dubi UseDatabaseQuotaDefaults tukuna. Idan True ne, abin da ke rubuce a kan akwatin ba ya aiki, na rumbun ne ke mulki. Idan False ne, na akwatin ne ke mulki, kuma duk abin da ka sa a kan rumbun ba zai shafe shi ba. Mafi yawan ƙorafin "na sa iyaka amma ba ta kama ba" daga wannan ɗan saitin yake fitowa.

Ga manyan akwatunan nan goma ko ashirin na saman jerin, ka leƙa ka ga ina nauyin yake:

Get-MailboxFolderStatistics -Identity sunan.akwati | Select-Object Name,ItemsInFolder,FolderSize

Wannan ba ya nuna maka abin da wasiƙun suka ƙunsa, sunayen folda da girmansu kawai. Sau da yawa za ka tarar ba Inbox ba ce matsalar. Sent Items ce, cike da takardun da aka yi wa sikan a matsayin hoto mai launi, kowanne MB 8 ko 10. Ko Deleted Items, wadda wasu suka mayar ɗakin ajiya ba su taɓa zubar da ita ba tun da aka buɗe musu akwati. Duk waɗannan ana lissafa su cikin iyaka, haka ma Junk, Drafts, da kalanda tare da duk fayilolin da aka maƙala a gayyatar taro. Ka kuma sani cewa tun daga Exchange 2010 an daina ajiye kwafi ɗaya tak na saƙon da aka tura wa mutane da yawa. Idan ofishin kula da ma'aikata ya tura sanarwa mai MB 10 ga mutum 180, an ci kusan GB 1.8 a faifai da wasiƙa guda.

Sai lissafin adadi. Kada ka fara da tambayar nawa mutane ke so, ka fara da abin da faifan zai ɗauka. Faifan da aka sayar maka a matsayin terabait ɗaya Windows yana nuna shi kusan GB 931. Ka bar kashi 20 cikin ɗari a sarari, saura wajen GB 745. Daga nan ka sake ware kusan kashi 20 don abubuwan da ke cikin rumbun amma iyakar akwati ba ta ƙirga su: Recoverable Items, akwatunan ma'aikatan da suka tafi waɗanda ake riƙewa kwana 30 bayan an goge su, da fihirisar bincike, wadda a Exchange 2019 take zaune cikin rumbun kansa. Abin da ya rage wajen GB 600 ne. Wannan ne kuɗin cefanenka, kuma za ka raba shi bisa iyaka ta uku, ba ta biyu ba, domin ita ce mafi girman da akwati zai iya kaiwa.

Ga misalin rabon da zai shiga. Ma'aikata 150 na yau da kullum: gargaɗi a GB 1.8, hana aikawa a GB 2, hana karɓa a GB 2.5, jimilla GB 375. Mutum 22 da aikinsu ke tafiya da takardu masu yawa, kamar na kuɗi, saye-saye da shari'a: GB 4.5, GB 5, GB 6, jimilla GB 132. Akwatuna 8 na shugabanni da na haɗaka irin wanda abokan ciniki ke rubuto wa: GB 8, GB 9, GB 10, jimilla GB 80. Duka GB 587. Ka lura ban raba bisa muƙami zalla ba. Akawun da ke karɓar rasit ɗari a mako ya fi wani darakta bukatar sarari, kuma akwatin haɗaka da mutum biyar ke aiki a ciki ya fi su duka.

Gaskiya GB 2 ƙarami ne ga aikin ofis na yanzu, kuma za a gaya maka haka. Amsarka ita ce wannan lissafin. Idan hukumar gudanarwa tana so kowa ya sami GB 10, to mutum 180 sun zama terabait 1.8 kafin a ƙara sarari da ragowar kaya, wato ana maganar faifai na kusan terabait uku, da wurin kwafin ajiya daidai da haka. Ka rubuta musu zaɓin biyu a takarda ɗaya, su zaɓa su sa hannu. Idan adadin daga bakinka kaɗai ya fito, duk mai jin kansa zai zo ya matsa maka ka ɗaga masa. Idan daga sama ya fito, kai mai aiwatarwa ne kawai.

Akwai dalili na biyu na sa iyaka wanda ya fi cikar faifai muhimmanci, shi ne tsawon lokacin da za a ɗauka a dawo da rumbu idan ya lalace. GB 600 a gudun MB 30 kowace daƙiƙa ya haura awa biyar da rabi na kwafi kawai, ba a sa maimaita fayilolin log ba, wato fayilolin da sabar ke rubuta kowane sauyi na rumbun a ciki. A inda wuta ke ɗaukewa babu sallama, janareta ya yi jinkiri ko batirin inbata ya gaza, rumbu yana iya rufewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma gyaransa da eseutil, manhajar gyaran rumbu ta Exchange, yana ƙara tsawo gwargwadon girmansa. Shawarar Microsoft ita ce rumbun da ba shi da kwafi a wata sabar kada ya wuce kimanin GB 200. Exchange na Standard yana ba ka damar ɗora rumbu biyar a lokaci guda, na Enterprise ɗari. Don haka ka raba: rumbu biyu ga ma'aikata 150 ɗin, ɗaya ga rukuni na biyu, ɗaya ga na uku, ka bar gurbi na biyar don ƙaura. Wannan rabon yana da wata riba: kowane rumbu yana ɗauke da iyakarsa, sai ya zama ba ka bukatar sa wa mutane saiti ɗai-ɗai.

Set-MailboxDatabase -Identity DB01 -IssueWarningQuota 1.8GB -ProhibitSendQuota 2GB -ProhibitSendReceiveQuota 2.5GB

Idan ka fi son linzami, a Exchange admin center ka shiga servers, sannan databases, ka buɗe rumbun, ka je limits. Na mutum ɗaya yana ƙarƙashin recipients, mailboxes, mailbox usage, more options. Da umarni kuwa haka yake:

Set-Mailbox -Identity sunan.akwati -IssueWarningQuota 15.5GB -ProhibitSendQuota 16GB -ProhibitSendReceiveQuota 17GB -UseDatabaseQuotaDefaults $false

Kada ka manta da guntun ƙarshen nan. Kuma ka riƙe saiti na musamman a matsayin abin wucin gadi: ka rubuta wa aka ba, wa ya amince, sai yaushe. Sabar da rabin akwatunanta ke da saitin kansu ba ta da tsari, kuma wanda zai gaje ka ba zai gane kanta ba.

Misalin da na bayar na GB 16 da gangan ne, domin haka za ka fara yi wa masu manyan akwatuna. Kafin ka taɓa rumbun, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sa musu iyaka ta musamman ɗan sama da inda suke yanzu. Hakan ya tsayar da girman ba tare da ya katse wa kowa aiki ba. Sannan a kan rumbun ka kunna gargaɗi kaɗai, ka bar sauran biyun a Unlimited na mako biyu zuwa huɗu, ka aika sanarwa mai ɗauke da ranar da hana aikawa zai fara da matakan sharewa. Ranar ta zo, ka kunna ta biyu da ta uku. Masu manyan akwatunan kuma ka riƙa sauko da tasu kaɗan-kaɗan, GB 2 ko 3 kowane wata, har su shigo rukuninsu, sai ka mayar da UseDatabaseQuotaDefaults ɗinsu zuwa $true. Ka zaɓi safiyar Talata ko Laraba da kake zaune a ofis. Ba yammacin Juma'a ba, ba jajibirin Sallah ba, ba ƙarshen wata da masu albashi ke kan aiki ba.

Saƙon gargaɗin da sabar ke aikawa da kanta gajere ne, ba ya gaya wa mutum abin da zai yi, shi ya sa ake watsar da shi. Kana iya sauya shi, kuma ba abin da ya hana ka rubuta shi da Hausa ko ka haɗa da Turanci idan haka ma'aikatanka za su fi fahimta. Harshen da za ka sa a umarnin shi ne wanda akwatunan ke kai, rubutun ciki kuwa naka ne:

New-SystemMessage -QuotaMessageType WarningMailbox -Language en -Text "Akwatinka ya kusa cika. Share manyan fayiloli daga Sent Items, sannan ka zubar da Deleted Items. Idan kana bukatar taimako ka kira sashen kwamfuta."

Bayan ka sauya iyaka kada ka yi tsammanin ta kama nan take. Sabar tana riƙe bayanan iyaka a ƙwaƙwalwarta, sabuntawar tana iya kai awa biyu. Wannan ya fi ciwo idan babba ne aka hana aikawa, ka ɗaga masa, yana tsaye a kanka yana cewa har yanzu. Sake kunna Microsoft Exchange Information Store yana sa ta kama, amma yana sauke dukkan rumbunan da ke sabar, kowa ya yanke na ɗan lokaci. Kada ka yi haka da rana saboda mutum ɗaya. Hanya mafi sauri ita ce ya zubar da Deleted Items ko ya goge manyan saƙonni biyu-uku daga Sent Items da Shift da Delete ya sauko ƙasa da tsohuwar iyakar.

To ga abin da zai ba ka mamaki idan ba a gaya maka ba: bayan duk sharewar nan, faifanka ba zai nuna ƙarin sarari ba. Dalili biyu ne. Na farko, abin da aka zubar daga Deleted Items, ko aka goge da Shift da Delete, yana komawa Recoverable Items ya zauna kwana 14 bisa saitin asali. Ya fita daga lissafin mai akwatin, amma yana nan cikin rumbun. Wannan foldar tana da nata iyakokin daban, gargaɗi a GB 20, tsayawa a GB 30, kuma idan an ɗora wa akwati riƙon shari'a, wato Litigation Hold, ba abin da ke fita daga cikinta sai an cire riƙon ko wa'adinsa ya cika. Na biyu, ko bayan kwana 14 ɗin, fayil ɗin rumbun mai ƙarshen edb ba ya ƙanƙancewa. Gurbin da aka share yana zama fili a cikinsa, sababbin wasiƙu su riƙa cike shi kafin fayil ɗin ya sake girma. Kana iya ganin kimanin wannan filin:

Get-MailboxDatabase -Status | Select-Object Name,DatabaseSize,AvailableNewMailboxSpace

Idan kana son sararin ya dawo wa faifai, ka ƙirƙiri sabon rumbu, ka kwashe akwatunan da New-MoveRequest, ka cire tsohon. Wannan ya fi matse rumbu da eseutil, wanda ke bukatar a sauke rumbun na awanni kowa yana zaune. Tunda faifanka ya kusa cika, sai ka nemi wani faifan da sababbin rumbunan za su fara zama. Ƙaura tana haifar da fayilolin log kusan daidai da girman abin da aka kwashe, kowane fayil MB 1, kuma ba sa gogewa sai an yi cikakken kwafin ajiya da manhajar da ta san Exchange. Ka kwashe rukuni-rukuni, ka yi kwafin ajiya tsakaninsu, idonka a kan faifan log. Kada ka taɓa goge fayilolin log da hannu don neman sarari. Idan faifan log ya cika rumbun zai sauka da kansa, idan kuma faifan layin saƙonni ne ya matse, sabar za ta fara ƙin karɓar wasiƙu da lamba 452 4.3.1. Ka tuna kuma ƙaura za ta ƙi tafiya idan akwatin ya fi ƙarfin iyakar rumbun da za a kai shi, wanda wani dalili ne na barin saitin musamman a kan manya har su sauka. Kafin tsohon rumbu ya yarda a cire shi, sai ka kwashe ɓoyayyun akwatunan tsarin da Get-Mailbox -Arbitration ke nunawa idan a cikinsa suke, kuma bayan cirewa fayil ɗin edb yana nan a faifai sai ka goge shi da kanka.

Ina tsofaffin wasiƙun za su? Idan ba ka ba mutane amsa ba, za su samar wa kansu, kuma amsarsu ita ce fayil ɗin PST, wanda Outlook ke ajiye wasiƙu a cikinsa a kan kwamfutar tebur. A nan nake ganin an fi yin asara. Wasiƙun shekara goma na ofis sun bar sabar da ake yi wa kwafin ajiya kullum, sun koma faifan laftof da zai iya mutuwa ko a sace, ba mai iya bincikarsu idan an nemi wata yarjejeniya. Ajiye PST a foldar da aka raba ta hanyar sadarwa a riƙa buɗe shi daga can ba mafita ba ce, Microsoft ba ta goyon bayan hakan, kuma fayil ɗin yana lalacewa idan layi ya yanke ana tsakar rubutu. Hanyar da ta dace ita ce taskar da Exchange ke da ita:

Enable-Mailbox -Identity sunan.akwati -Archive -ArchiveDatabase DBTASKA

Taskar akwati ne na biyu da ke bayyana a Outlook ƙarƙashin na farko, tana da iyakarta daban, kuma kana iya ɗora rumbunta a kan faifai mai araha mai girma. Ƙa'idar riƙewa ta asali tana kwashe duk abin da ya shekara biyu zuwa can da kanta, kana kuma iya yin taka ta shekara ɗaya. Sai dai ka san abu uku. Tana bukatar lasisin Enterprise CAL ga kowane mai amfani da ita. Rumbunta yana cikin biyar ɗin da Standard ya yarda da su, don haka gurbin da na ce ka bari shi za ta ci idan an gama ƙaura. Kuma Outlook ba ya sauke ta a kan kwamfuta, sai da haɗi da sabar ake buɗe ta, abin da ma'aikatan reshe masu raunin intanet za su ji a jikinsu. Ka kuma rage ArchiveQuota zuwa abin da faifan zai ɗauka, kada ka kwashe matsalar daga wannan ɗaki ka kai wancan.

Kada ka haɗa iyakar akwati da iyakar girman saƙo guda, abu biyu ne. Na biyun yana kan Set-TransportConfig, MaxSendSize da MaxReceiveSize, kuma asalinsu MB 10 ne. Fayil ɗin da aka maƙala yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka shirya shi don tafiya ta imel, shi ya sa fayil mai MB 8 ke iya ƙin wucewa. Idan ka ɗaga wannan zuwa MB 50 alhali akwatuna GB 2 ne, saƙo arba'in sun isa su cika akwati. Gyara injin sikan na ofis ya riƙa fitar da PDF baƙi da fari a dpi 200 maimakon hoto mai launi yana rage nauyi fiye da kowace sanarwa da za ka aika.

Akwai akwatunan da ba mutum ke zaune a kansu ba, kuma su ne ke cika a ɓoye, domin gargaɗin yana faɗawa inda ba mai karantawa: na injin sikan, na manhajar albashi, na ɗakin taro, na haɗaka da kowa ke ɗauka wani ne ke kula da shi. Kowanne ka ɗora shi a wuyan mutum guda da sunansa. Idan kuna da akwatin da ke tara kwafin dukkan wasiƙu don bin doka, wato na journaling, kada ka bar shi ƙarƙashin iyakar rumbun gama-gari, ka ware masa wurinsa ka riƙa duba shi.

Tunda 2019 kake kai, ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoba 2025, magajinsu shi ne Subscription Edition, kuma umarnin da ke sama duk suna aiki a can. Idan kuka koma Exchange Online, Set-Mailbox ɗin dai shi ne, amma babu rumbun da za ka saita, kuma lasisi ne ke yanke iyakar sama: Plan 1 GB 50, Plan 2 GB 100. Kana iya ragewa, ba ka iya wucewa. Ga mai Postfix da Dovecot 2.3 kuwa, wato wasu manhajojin sabar imel da ba na Microsoft ba, iyakar tana cikin quota_rule, misali *:storage=2G, ana duba ta da doveadm quota get, a sake ƙirga ta da doveadm quota recalc idan lissafin ya kauce bayan an kwafo wasiƙu da hannu. A can ka haɗa quota-status da Postfix domin a ƙi wasiƙar tun a bakin ƙofa, kada a karɓe ta sannan a mayar da takardar dawowa ga adireshin da mai yiwuwa na bogi ne.

Bayan komai ya zauna, ka sa umarnin awon nan na farko ya riƙa gudana da kansa kowane mako ta Task Scheduler, ka ajiye fayilolin kada ka goge. Bambancin jimillar wannan wata da ta watan jiya shi zai gaya maka saura wata nawa faifan ya cika, kuma duk akwatin da ya yi tsallen gigabait ɗaya cikin mako guda ka buɗe ƙa'idojin tura saƙonsa da Get-InboxRule a ranar.